Bakin Uwa Ya Fi Lasifika

Masu karatu da yawa za su tuna da shekarar 2003, sa'ad da aka dakatar da ɗigon rigakafin shan inna a Jihar Kano saboda jita-jitar wai yana hana haihuwa. Ba a koma yinsa ba sai cikin watan Yuli na shekarar da ta biyo, watau 2004. Cutar kuwa ta sami sarari, ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har ta kai Indunisiya a 2005.

Tsoron nan na jama'a yana da asali. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau, cikin yara 200 da aka yi gwajin da su 11 suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Irin wannan tsoro sanarwar rediyo ba ta isa ta kawar da shi ba.

To, me ya kawar da shi? A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Daga 2012 kuma aka ɗauki mata a unguwanninsu suna shiga gida gida, suna halartar suna, suna magana da 'yan'uwansu mata. Uwar da ta nuna ɗanta lafiyayye bayan an yi masa ɗigo ta fi kowane jawabi, domin gani ya kori ji. Yaran ƙarshe da ainihin cutar ta kama an same su a Barno a 2016, ran 25 ga Agusta 2020 aka shaida cewa Afirka ta rabu da ita.

Amma fa aiki bai ƙare ba. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022 ta fi tsanani a Kano, yawancin waɗanda ta kama kuwa yara ne da ba a yi musu allura ba. Ana bukatar uwa ta kai jaririnta asibiti da haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, sa'an nan da wata 9 domin ƙyanda. Maƙwabciya ce za ta fi iya tuna mata.

Lalle ya kamata Gwamnati ta riƙe iyayen nan, amma da sharaɗi uku. A koya musu gaskiya duka, har ɗan zazzaɓin da kan biyo bayan allura. Kada a sayi bakinsu, don ranar da aka gane saye ne, amana ta tafi. Kuma a tabbata uwar da ta amsa kira ta tarar da allura da ma'aikaci. A sa iyaye maza ciki, gama su ke ba da izinin fita.