Courtney Pine: Ɗan Baƙi Da Ya Buɗe Fili

Wannan watan mun leƙa Landan, inda aka haifi Courtney Pine a 1964, iyayensa mutanen Jamaika ne. Ya fara da kiɗan rege kafin ya rungumi jaz da algaitar Turawa, wato saksofon. Ganin matasa baƙar fata ba sa samun fili a wannan kiɗa a Ingila, sai shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Jazz Warriors. Faifansa na farko, a 1986, ya shiga jerin 40 da suka fi kasuwa a ƙasar.

Mu ma tsiraru ne a nan. In ba mu haɗa kai mun buɗa wa yaranmu fili ba, wa zai yi? Sai wata mai zuwa.