Masu Ƙidayar Shirwa

Jama'a, ni akawu ne, buhuna na saba ƙidayawa, amma ga labarin masu ƙidayar shirwa. Kowane watan Maris sukan zauna bisa tuddan Tarifa, ƙasar Ispaniya, suna rubuta yawan waɗanda suka ci rani a Afirka ta Yamma za su koma Turai. Iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa ke ɗaga shirwa sama. Teku kuwa ba ta da ita, don haka sukan taru a mashigin Jibralta, wanda faɗinsa kamar mil 9 ne.

Kada ku ce wasa ne. Lalle shirwa takan sure ɗan tsako, amma fara nawa takan cinye? In ta ragu, hasarar manomi ce, ba kuwa mai sani sai wanda ya ƙidaya. Malamai, ku sa yaranku su soma.