Daga Teburin Malam: Gangar Da Babu Fata

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina ya kunna mini kiɗan da ya haɗa a kwamfuta. Na tambaye shi wa ya buga masa ganga, sai ya yi dariya ya ce babu kowa.

Ga asalin abin. A 1980 kamfanin Roland na Japan ya ƙera wani akwatin kiɗa mai suna TR-808. Ba sautin ganga aka naɗa a ciki ba, lantarki ne ke ƙago amon. Mutane suka ce bai yi kama da ganga ba, kasuwa ta ƙi, aka daina ƙera shi a 1983. Da ya yi araha a hannun 'yan gwanjo, mawaƙan Amurka masu ƙaramin ƙarfi suka rungume shi, har ya zama abin nema. A 1997 kamfanin Propellerhead na Suwidin ya fitar da manhajar ReBirth, wadda ke kwaikwayon amonsa a kwamfuta. Yau yaro a zango yana iya samun irin wannan a wayarsa.

Ban ƙi ba, domin sana'a ce. Amma na gaya masa: kalangu magana yake yi, makaɗi na matsa tsarkiya ya kira sunan mutum da kirarinsa. Akwatin nan bai san kakan kowa ba. In mun daina gayyatar makaɗanmu wurin biki da suna, wa zai koya wa na baya?

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.