Waiwaye: Iskar da Ta Ceci Rai, Ta Tafi da Ido

Ranar 13 ga Mayu, 1950, a garin Saginaw na jihar Mishigan ta Amurka, wata mata ta haifi bakwaini, saura mako shida cikinta ya isa haihuwa. Aka sa yaron a kwalba, aka sakar masa iskar oksijin kamar yadda aka saba a lokacin. Ya rayu, amma bai taɓa ganin fuskar mahaifiyarsa ba. Shi ne mawaƙin nan Stevie Wonder. Shi dai muryarsa ta fito da shi duniya ta san shi, amma ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Daga 1942 zuwa 1953, yara kusan 10,000 ne suka makance ta wannan hanya, wajen 7,000 a Amurka kawai.

Wani likitan ido a Boston, Theodore Terry, shi ya fara bayyana wannan cuta mai makantar da bakwaini a rubuce a 1942, bayan ya ga wani farin tantani a cikin idon bakwaini. Daga nan aka shiga lalube a duhu. Wasu suka ce hasken ɗakin jinya ne, wasu suka ce madara ce, wasu suka ɗora laifin kan ƙarancin bitamin ko ƙarin jini. Ba wanda ya kalli tukunyar oksijin, domin ita ce abin alfaharin asibiti, ita ke mayar da jaririn da ya shiɗe ya dawo hayyacinsa. Abin da ya ƙara ɗaure kai, cutar ta fi yin ɓarna a manyan asibitoci masu sababbin kwalabe da iska ba ta zurarewa daga cikinsu.

Yau an san yadda abin yake. A can bayan ido akwai wani tantani mai ɗaukar hoton duk abin da muke gani. Jijiyoyin jininsa suna fara tsirowa daga tsakiya tun ciki yana wata huɗu, su yi ta yaɗo kamar kabewa, ba sa kai gefe sai dab da haihuwa. Bakwaini yakan fito ne yaɗon bai gama ba. Idan aka cika masa oksijin fiye da kima, sai jijiyoyin su tsaya cik. Bayan makonni, ɓangaren da jini bai kai ba ya fara jin yunwa, sai wasu jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro barkatai, su zubar da jini, su bar tabo. Tabon nan shi ke jan tantanin har ya ɓamɓaro shi daga mazauninsa.

Wata likitar yara a Melbon ta Ostareliya, Kate Campbell, ita ta nuna oksijin da yatsa a 1951, bayan ta kwatanta ɗakunan jinyar da ake sakin iska ba ƙaƙƙautawa da waɗanda ake tattalinta. A Washinton kuma wani matashin likita, Arnall Patz, ya raba jarirai gida biyu don ya gwada. Da farko an hana shi kuɗin binciken, aka ce zai kashe 'ya'yan mutane. Da ya fara, wasu ma'aikatan jinya sukan lallaɓa da dare su ƙara wa jariran iska saboda tausayi. Duk da haka, sakamakon 1952 ya fito fili: cikin 28 da aka cika wa iska, 7 sun kamu da cutar mai tsanani, cikin 37 da aka taƙaita wa kuwa babu ko ɗaya. Babban gwajin da aka yi a asibitoci 18 na Amurka ya tabbatar da haka a 1954.

Da an tsaya nan da sai a ce labari ya yi daɗi. Amma sai aka kafa doka cewa kada oksijin ya wuce kashi 40 cikin 100, ko da jariri yana haki. Makanta ta ragu ƙwarai, mace-mace da lahanin ƙwaƙwalwa suka ƙaru. A 1973 wani masani a Ingila, Kenneth Cross, ya ƙiyasta cewa a kan kowane yaro ɗaya da aka tsirar daga makanta, an yi asarar rai 16. An gudu ba a tsira ba. Da sakin iskar da matse ta, duka an yi su ne da kyakkyawar niyya, kuma duka ba tare da an auna abin da ke cikin jinin jaririn ba.

Gyara na gaskiya ya fara ne da aka daidaita harshe. Kafin 1984 kowane likita da nasa kwatancen, ba a iya gwada aikin wannan asibiti da na wancan. A shekarar ne likitocin ido 23 daga ƙasashe 11 suka amince da ma'auni guda. Suka raba tantanin bayan ido shiyya uku, daga tsakiya zuwa gefe, kuma gwargwadon kusancin cutar da tsakiya, gwargwadon hatsarinta. Da ƙarin da aka yi a 1987, matakan cutar suka zama biyar. Na farko siririn layi ne tsakanin inda jini ya kai da inda bai kai ba. A na biyu layin ya taso kamar kunyar gona, a na uku jijiyoyi sun tsiro a kan kunyar. A na huɗu tantanin ya fara ɓamɓarewa, a na biyar ya ɓamɓare gaba ɗaya. Idan kuma jijiyoyin tsakiya sun kumbura sun yi murɗe-murɗe, sai a sa alamar tarawa, wato abin ya zama na gaggawa. An sake duba ma'aunin a 2005 da 2021.

Da ma'auni ya samu, magani ya biyo baya. A 1988 aka nuna cewa daskarar da ɓangaren da jini bai kai ba yana rage mummunan sakamako da kusan rabi. Daga baya hasken leza ya maye gurbinsa, sannan a 2011 aka nuna amfanin wata allura da ake yi a cikin ido don hana jijiyoyin banza tsirowa. Sai dai duk suna da sharaɗi ɗaya: idan cutar ta kai munzalin magani, kwana biyu zuwa uku ake da su.

Me ya kawo wannan zance gare mu? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2012 ya sa Najeriya a ta uku wajen yawan haihuwar bakwaini, bayan Indiya da Sin. Ɗakunan jinyar jarirai suna ƙaruwa a biranenmu, bakwainin da a da ake fid da rai da shi yanzu yana rayuwa, alhamdu lillahi. Amma a daidai irin wannan gaɓar cutar ta ɓarke a Kudancin Amurka da Indiya: ga kwalba, ga oksijin, babu isassun na'urorin awo, babu mai duba ido. Indiya ta nemo dabara a jihar Karnataka tun 2008, inda ma'aikata ke zagaya asibitocin karkara da kyamara, su aika wa likita hoton idon jariri ta intanet.

Saboda haka duk asibitin da ya sayi kwalba, ya sayi na'urar auna iskar jini tare da ita, ya kuma tanadi mai duba ido. Ku kuma iyaye, kada tsoro ya sa ku hana a sa wa ɗanku oksijin, domin rai ne a gaba. Amma ku sani wannan cuta ba ta ja da ido, ba ta sa kwantsa, ba a ganinta daga waje sai ta gama ɓarna. Idan an haifa muku bakwaini, ku nemi likitan ido ya duba shi kafin ya wuce kwana 30 a duniya, ko da an sallame ku, ko da ba a yi arba'in ba. In ya ce a dawo mako mai zuwa, a dawo.