Tsani Kafin Na'ura: Abin da Ruwan Shagari Yake Bukata

A watan Afrilun 2022 kwale-kwale ya kife a kogin Shagari, mutum 29 daga ƙauyen Gidan Magana suka rasu. A watan Mayun 2023 aka sake yin irinsa a Dandeji, inda yara 15 da suka fita neman itace suka halaka. Duka lokutan biyu, masu nutso na gargajiya ne suka tsamo gawarwaki, ba su da komai sai huhunsu. Bayan kowace musiba irin wannan, magana ɗaya ake maimaitawa daga Shagari zuwa Boɗinga har cikin birnin Sakkwato: a sayo kayan nutso na zamani. Wannan kira yana da daɗin ji, amma ya fara daga saman tsani.

Ƙololuwar waɗannan kaya ita ce na'urar maimaita numfashi. Mai nutso da tulun iska na yau da kullum yakan shaƙa ya fesar cikin ruwa. Ita kuwa wannan na'ura tana riƙe numfashin da ya fitar, ta bi da shi ta cikin wani sinadari mai tsotse gurɓatacciyar iska, ta ƙara masa oksijin, ta mayar masa. Shi ya sa ake daɗewa da ita a ƙarƙashin ruwa. Haɗarinta kuwa shi ne ba ta yin gargaɗi a jiki. Idan oksijin ya yi ƙasa, mutum ya suma. Idan ya yi yawa, jijjiga ta kama shi. Idan sinadarin ya gaji, hankalinsa ya gushe yana tsammanin lafiyarsa ƙalau. Tulu idan ya ƙare, nan take mai shi ya sani. Na'ura tana iya ci gaba da ba shi abin shaƙa alhali abin kashe shi yake yi.

Saboda haka ƙungiyoyin horarwa irin su PADI suka jera matakai. Shaidar farko ba ta wuce zurfin mita 18. Ta biyu ta kai mita 30. Akwai horon ceto, akwai na sarrafa iska mai ƙarin oksijin. Ba a karɓar mutum ajin farko na na'urar sai ya yi nutso 25 rubutattu, kuma idan ya shiga, mita 18 za a mayar da shi kamar sabon shiga. Da rarrafe yaro kan tashi.

Ƙwarewa ma ba ta zama garkuwa. A watan Janairun 2005 Dave Shaw, gwanin wannan na'ura, ya sauka mita 270 a ramin Bushman's Hole na Afirka ta Kudu don ɗauko gawar Deon Dreyer. Wahalar aikin ta sa gurɓatacciyar iska ta taru masa, ya mutu a can. Aikin da ya ci shi, shi ne wanda ake nema a Shagari: ɗauko gawa. Idan haka ta sami gwani, me za ta yi wa wanda aka ɗaura masa na'ura bayan bitar mako guda? Ga kuma ruwan damina mai laka, inda da ƙyar mutum zai ga allon da ke nuna masa yawan oksijin, allon da ransa ya rataya a kansa.

Me ya sa to ake son farawa daga sama? Domin kaya ana ɗaukar hotonsu, ana yanka musu kintinkiri, ana rubuta musu kwangila. Horo na shekaru ba ya fitowa a hoto.

Tsarin da hankali zai ɗauka a bayyane yake. Rigar kariya da hana lodin wuce kima su zo farko, domin wanda bai nutse ba ba ya bukatar mai nutso. Sannan a ɗauki Sarkawa da masuntan da suka san kowane gurbi, a koya musu farfaɗo da numfashi da aikin igiya, a sa musu albashi. Daga nan sai tulu, mataki bayan mataki, da littafin rubuta kowane nutso. Harrison Okene, mai dafa abincin jirgin da aka ceto a 2013 bayan kusan awa 60 a ƙasan teku, daga baya ya zama mai nutso, kuma ta makaranta ya bi.

Duk jami'in da aka kawo masa takardar sayen na'ura, tambaya ɗaya ta ishe shi: wa zai goya ta, kuma nutso nawa ya taɓa yi? Idan babu amsa, sa hannunsa zai ƙara gawa ne a kan waɗanda aka je nema.