Wanda Ya Sayar da Motarsa Don Karatu Bai Karye Ba

Ranar da ƙanena ya kai Corollarsa wurin dillalai, kawunmu ya kira ni a waya da sassafe, muryarsa kamar an yi rasuwa. Ya ce, "Ɗana, me ya sami yaron nan? Bashi ake binsa ne kuka ɓoye mana?" Na ce masa, "Kawu, babu bashi. Jami'a ta ba shi gurbin digiri na biyu, kuɗin hannunsa kuma ba za su kai ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai da ya haƙura da karatun. Mutum ba ya sauka daga mota ya koma hawa Adaidaita Sahu, idon jama'a yana kansa."

Ban zargi Kawu ba, domin abin da ya faɗa shi ne abin da garin gaba ɗaya yake faɗa. A wurinmu mota ta tashi daga abin hawa ta zama takardar shaidar mutunci. Idan ma'aikaci ya saya, sai a ce Allah ya buɗa masa. Idan ya sayar, ko da don me, sai a ce ya karye. A majalisa za a yi ta tambaya a kaikaice: "Ina motar, tana gareji ne?" Surukai za su ji, abokan aiki za su yi ƙus-ƙus. Saboda tsoron wannan kalma guda ɗaya, "ya karye", na san mutanen da takardar samun gurbin karatu ta mutu a cikin aljihunsu, alhali mota tana fake a ƙofar gida an rufe ta da tamfol, babu ma kuɗin zuba mata mai.

Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma yana cutar da mu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba gadonmu ba ne. Iyayenmu da suka kai mu makaranta da me suka kai mu? Manomi ya sayar da sa ɗaya daga cikin shanun huɗarsa don ɗansa ya tafi Zariya. Uwa ta sayar da akuyoyinta, ta kai kwallayen jerenta kasuwa, ta cire ɗankunnen zinarenta ta ba ɗanta ya biya kuɗin jarrabawa. Babu wanda ya ce sun karye. Har yau idan ana ba da labarinsu, da yabo ake bayarwa, wani har da hawaye. To yaya aka yi sa da yake noma abincin gida ya halatta a sayar don karatu, amma ƙarfen da yake cin kuɗin gida ya zama abin da ba a taɓawa?

Kuma ci yake yi, ba ɗan kaɗan ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Ka ɗauki alƙalami ka yi lissafi da kanka. Wanda yake shan lita 30 kacal a mako, a kan naira 900, ya kashe naira 27,000; a wata ya haura 100,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ba a zo maganar juyen baƙin mai ba, ba a zo taya da batir da sabunta takardu ba, balle ranar da bakanike zai buɗe bonet ya girgiza kai ya ce sai an sauke inji. Mutane da yawa ba su taɓa zama sun tara wannan lissafin wuri guda ba, domin kuɗin yana zurarewa ne kaɗan-kaɗan, kamar gari a buhun da ya huje. Da sun tara, da sun ga cewa abin da motar take ci a shekara ɗaya zai ɗauki babban kaso na hidimar digiri na biyu a jami'ar gwamnati irin Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Ɗanfodiyo.

Akwai hujja ɗaya mai nauyi da masu cewa kada a sayar suke riƙe da ita, kuma ba zan kauce mata ba. Suna cewa mota yanzu kadara ce: tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500, farashin 'yar Kwatano ya ninka, wanda ya sayar yau ba lalle ne ya iya saye gobe ba. Gaskiya ne sake saye zai yi wuya. Amma a lura da abin da ya faru: naira ce ta faɗi, motar kuwa tsufa take yi kullum. Injinta yana ƙara gajiya, kayan gyaranta da dala ake shigo da su, don haka tashin da ya ɗaga farashinta shi ne ya ɗaga kuɗin riƙe ta. Fili kadara ne, domin ba ya neman ko sisi a wurinka yana zaune. Abin da kullum sai ka ciyar da shi kafin ya motsa, ka kira shi da sunansa: ɗawainiya. Kuma idan har farashin ya hau, ai wannan ne lokacin da sayarwar za ta fi yi wa mai karatu amfani.

Sai maganar so. Ba na raina ta. Ƙanena shekara huɗu yana tara kuɗin motar nan, da adashi da ragowar albashi. A cikinta ya kai matarsa asibiti daren haihuwar ɗansu na fari. A cikinta muka ɗauko mahaifiyarmu daga filin jirgi da ta dawo daga aikin Hajji. Duk Asabar da kansa yake wanke ta, ba ya yarda yara su jingina da ita. Da dillali ya karɓi makulli, na ga ya juya fuskarsa gefe, kuma na san dalili. Wanda ya ce wannan ba komai ba ne bai taɓa mallakar abu da guminsa ba. Sai dai daren haihuwar nan da ranar dawowar Hajiya ba su tafi da motar ba, suna nan tare da shi. Shekarun ƙuruciya su ne suke tafiya ba su dawowa. Mai shekara talatin da biyu da 'ya'ya biyu zai iya zama ya yi karatun dare ya rubuta kundin bincike. Idan ya kai arba'in da biyar, da 'ya'ya shida da kuɗin makarantarsu da auren ƙanne a wuyansa, ƙwaƙwalwar tana nan amma sararin ya tafi. Kasuwar motoci kuwa tana nan kowace shekara.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba kowane digiri ne ya cancanci a sayar masa da ko keke ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kowa ya tambayi kansa ƙofar da wannan takarda za ta buɗe masa. Malamin kwaleji ko jami'a ya san amsar, domin ƙarin girmansa a ɗaure yake da digiri na biyu da na uku. Ma'aikacin lafiya da injiniya da mai aikin lissafin kuɗi da yake son ƙwarewa a fanni guda, su ma sun sani. Wanda kuwa yake son digirin don kawai a ƙara masa haruffa a bayan suna a katin ɗaurin aure, cutar da take damun mai riƙe mota don idon jama'a ita ce take damunsa. Haka nan wanda motar ita ce sana'arsa, da ita yake haya yana ciyar da iyali, ba da shi nake ba. Ba a yanka kazar da take ƙwai. Kuma a sa wa rai cewa karatu a ƙasar nan yakan ja lokaci: yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 wata takwas ya yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda zai sayar ya ware wani abu daga kuɗin don irin wannan rana, kada ya zuba duka a zangon farko.

Masu niyyar Ingila kuma su yi hattara, domin can kuɗin mota ba ya kai ko'ina. A 2024 fam ɗaya ya haura naira 2,000, kuma a shekarar ne aka ji labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da suka kasa cika kuɗin makaranta bayan faɗuwar naira, har aka umarci wasunsu su bar ƙasar. Daga Janairun shekarar kuma aka hana mafi yawan masu digiri na biyu tafiya da iyalansu. Wanda ya sayar da mota ya ci bashi a kai don wannan tafiya ba tare da tallafin karatu ba, caca ya yi. Ni maganata a kan wanda ya yi lissafi ne, ya ga kuɗin motarsa za su kai shi ƙarshen karatun da zai amfane shi, babu abin da ya tsaya masa a gaba sai tsoron bakin mutane.

Bakin mutanen nan kuma mu ne. Mu ne yayye da kawunnai da surukai da 'yan majalisa. Mu ne muke tashi tsaye mu gaishe da wanda ya fito daga mota, mu amsa sallamar wanda ya sauko daga Adaidaita Sahu muna zaune. Mu ne muke tambayar mai neman aure irin motar da yake hawa kafin mu tambayi abin da ya karanta. Sannan mu dawo muna kukan an bar Arewa a baya a ilimi, muna ƙorafin asibitocinmu ba ƙwararru, jami'o'inmu ba isassun malamai. Ƙwararrun nan daga ina za su fito, idan duk matashin da ya zaɓi littafi a kan makulli sai mun sa shi ya sunkuyar da kai?

Ƙanena yana shekararsa ta biyu yanzu. Yana fita bayan sallar Asuba don ya sami abin hawa, yana dawowa da ƙura a ƙafarsa, kuma bai ci bashin kowa ba. Idan akwai irinsa a gidanku ko a unguwarku, don Allah kada ku tambaye shi ina motar. Ku tambaye shi ina ya kwana a bincikensa, kuma in hanyarku ɗaya da safe, ku tsaya ku rage masa hanya.