A Sabunta Mana Tsoffin Wasanni, Amma da Wane Harshe?

A hutun da ya wuce, wani dare a fadarmu ta shayi da ke unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, gardama ta kaure a kan tsoffin wasannin bidiyo. Tambayar ita ce: in da za a ba ka zaɓi, wane wasa za ka so kamfaninsa ya sake yi da fasahar yau? Wannan ya ce Winning Eleven, wancan ya ce Mortal Kombat, wani ya rantse babu kamar San Andreas. Ana cikin haka sai wani abokinmu ɗan Jiratawa ya zaro salula, ya nuna mana hoton sabon zubin Resident Evil 4 da ya fito a 2023. Muka yi cincirindo a kansa. Hoto ya fita tas, har ana iya ƙirga gashin kan jarumin. Bayan ɗan lokaci mai salular ya mayar da ita aljihu, ya ce: “Ya yi kyau, amma ba namu ba ne.” Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin a ganina akwai batun harshe a cikinta.

Kiran a sabunta tsoffin wasanni ya daɗe a duniya, kuma yana da ƙarfin da kamfanoni ba sa iya toshe masa kunne. Wasan Final Fantasy VII ya fito a 1997. A 2005 kamfanin Square Enix ya nuna ɗan guntun farkonsa da aka sake zanawa don gwada ƙarfin PlayStation 3, sai masoya suka ɗauki abin a matsayin alkawari, suka yi shekara goma suna naci, har aka sanar da sabon zubin a 2015, ya fito a watan Afrilu na 2020. Haka aka yi da Resident Evil 2 na 1998, wanda kamfanin Capcom ya sake fitarwa a 2019, bayan wasu matasa ƴan Italiya sun gaji da jira sun fara gina nasu. Masu kira suna da hujja. Wani bincike da Gidauniyar Tarihin Wasannin Bidiyo ta Amurka ta fitar a watan Yuli na 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Injinan da ke karanta su suna mutuwa, faya-fayan suna lalacewa. Su kuwa kamfanoni sun san da tsohuwar zuma ake magani: sunan da mutane suka riga suka sani ya fi sabo sauƙin sayarwa.

Kafin a yi nisa, ya kamata mu bambanta abubuwa uku da ake cakuɗawa a hira, tun da har yanzu Hausa ba ta tsayar musu da sunaye ba. Akwai ɗauke wasa daga tsohon inji a kai shi sabo ba tare da an taɓa kome ba. Wannan na ga ya dace a kira shi dashe, kamar yadda masu lambu a Jiratawa ke ɗauke shuka daga wurin reno su kai ta fage. Akwai gyara hoto da sauti a bar ginin wasa yadda yake. Wannan yaɓe ne, irin wanda ake yi wa soro kafin damina. Sai kuma rushe wasan gaba ɗaya a sake gina shi a kan tsohon harsashi. Wannan shi ne sabon zubi. Shawara ce kawai, malamanmu suna iya kawo waɗanda suka fi su. Bambancin yana da amfani, domin a watan Nuwamba na 2021 masu sayen tarin wasannin Grand Theft Auto guda uku sun sa ran aiki mai zurfi, suka tarar da yaɓe mai tsagewa, har kamfanin Rockstar ya fito ya nemi afuwa.

To, mu a nan, ina matsayinmu a wannan kira? Magana ta farko ita ce kuɗi. Injin PlayStation 5 ya shiga kasuwar Turai a 2020 a kan kusan Yuro 500, wato sama da sefa 325,000. Sabon zubin Demon's Souls da ya fito tare da shi an sa masa kusan Yuro 80, sama da sefa 52,000, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne a wata. Faifai ɗaya ya fi albashin leburan da ya yi wata yana aiki. Wanda ake yi wa sabon zubi shi ne yaron da ya buga wasan a ɗakinsa a Turai ko Japan, ya girma, ya samu albashi, yana son ya sayi ƙuruciyarsa. Mu kuwa galibinmu a salula muke kallon wani yana bugawa.

Amma ko da an ba mu injin kyauta, maganar abokina tana nan. Mu ba a ɗaki muka san waɗannan wasanni ba, a gidan gem muka san su: shago ko zaure mai benci biyu, tele a kan tebur, PlayStation 2 da ta sha gyara, da tulin faya-fayan da suka biyo hanyar Kano, Katsina, Jibiya, Ɗan Isa. Ana ba da dala biyar ko goma a buga wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna. Mutum biyu ke riƙe da manet, goma na tsaye a bayansu suna ba da shawarar da ba a nema ba. Rubutun da ke kan tele da Turanci yake, wani lokaci ma da Japananci. A wasu faya-fayan Winning Eleven mai sharhin Bajapane ne, ba ma jin ko kalma ɗaya daga bakinsa sai ihun cin ƙwallo. Tun da wasan bai yi mana magana ba, sai muka yi masa magana da kanmu.

A nan ne ɗalibin harshe zai ga abin nazari. Sunan injin kansa ya bi dokar Hausa: “Play” ta zama “file”, domin Hausa ba ta da sautin /p/ mai zaman kansa, kuma ba ta yarda baƙi biyu su haɗu a farkon gaɓa ba, sai an saƙala wasali. A bakin wasu ma “hile” ce, kamar yadda “fili” ke zama “hili” a karin harshenmu. Daga Faransanci muka aro “manet” da “kaset”, daga gidan kallon fim muka ɗauko “aktar” da “shef bandi” muka laƙaba wa jarumi da babban mugun ƙarshen zango. Wasu kalmomin kuwa faɗaɗa ma'ana aka yi musu: layin da ke nuna ƙarfin ɗan wasa ya zama “jini”, damar sake gwadawa ta zama “rai”, sai ka ji an ce “saura rai ɗaya, jininka ya kusa ƙarewa”. Mayaƙan Mortal Kombat duk mun raɗa musu suna: Sub-Zero shi ne Mai Ƙanƙara, Raiden kuwa Mai Malfa, saboda hularsa ta yi kama da ta manoma. Labarin wasan ma mu muke tsara shi. Tun da ba mu karanta abin da ake cewa ba, kowane gidan gem yana da nasa bayanin dalilin da ya sa wane ke farautar wane. Na taɓa jin labarin Resident Evil 4 a Tibiri ya sha bamban da wanda na sani a Maraɗi, alhali tafiyar ba ta wuce ta ɗan lokaci a kan kabu-kabu ba.

Saboda haka nake cewa rabin wasan da muke tunawa kamfani ne ya yi shi, ɗaya rabin mu muka yi shi da Hausa. Kamfani zai iya sabunta nasa rabin. Namu ba ya cikin faifai, yana cikin bakin waɗanda suka girma suka watse, wasu suna kasuwa, wasu suna jami'a, wasu suna ci-rani. Gidajen gem na da suna raguwa, ƙannenmu kowa ya duƙufa a kan salularsa, kuma sara ba ta jiran kowa: wadda ba a rubuta ba, in masu ita suka daina faɗa, ta tafi ke nan. Idan akwai abin da ke cikin haɗarin ɓacewa a nan Maraɗi, wannan Hausar rukuni ce.

Akwai kuma wani abin lura. Sau da yawa idan aka yi sabon zubi, akan sake fassara. Fassarar Turanci ta Final Fantasy VII ta 1997 ta yi suna wajen kurakurai, sabon zubin ya zo da sabuwar fassara da muryoyi. Harsuna kan samu shiga a irin wannan lokaci, ko lokacin da kamfani ya hango kasuwa: a 2011 wasan FIFA 12 ya zo da sharhin Larabci da muryar Issam Chaouali ɗan Tunisiya. Ni dai ban taɓa buɗe jerin harsunan wani babban wasa na ga Hausa ba. Wasu al'ummomi ba su tsaya jira ba. Wasan Mother 3 ya fito a Japan a 2006, Nintendo bai fassara shi ba, masoya suka fitar da fassarar Turanci da kansu a 2008. A Brazil, tun wajen 2007 wani mai gidan gem ya fara sauya wasan ƙwallon Konami na PlayStation 2 da kulob-kulob na ƙasarsa da sharhi da harshen Fotugis, aka san shi da Bomba Patch, har yau ana sabunta shi. Mu ma muna da misali a gida: fassarar finafinan Indiya da kamfanoni irin su Algaita na Kano ke yi ta nuna Bahaushe zai sake kallon abin da ya riga ya sani, muddin an mayar masa da shi harshensa.

Fassara wasa aikin masana harshe ne, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Ɗauki saƙon da ke fitowa bayan nasara. Turanci yana da wakilin suna ɗaya ga kowa, Hausa kuwa dole ta zaɓa: “ka ci”, “kin ci” ko “kun ci”? Inji bai san ko namiji ne ke riƙe da manet ko mace ba. Ana iya tserewa ta hanyar umarni kai tsaye, kamar “fara” da “tsaya”, ko ta “a ci gaba?”, waɗanda ba sa nuna jinsi, amma ba kowane saƙo ke karɓar wannan dabara ba. Sai batun rubutu: tsoffin wasanni ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikin haruffansu, sai an zana su, kuma akwatin da aka tanada wa kalmar Turanci mai harafi huɗu ba zai ɗauki “ajiye wasa” ba. Sai batun kari: umarni da bayani a daidaitacciyar Hausa za a rubuta su, amma mai sharhin ƙwallo fa? Ina ganin babu laifi a ji shi yana cewa “sunka tahi da ita” da Gobirancin Tibiri, domin sharhi magana ce ta baka, kuma daɗinta yana cikin karinta.

Na san za a ce muna da matsalolin da suka fi wasa: littattafan makaranta, ƙamus na kimiyya, horar da malamai. Gaskiya ne. Sai dai a lissafa awannin da yaro ke yi da salula a hannu, a kwatanta da waɗanda yake yi da littafi. Harshen da yaro ke gani a kan allon da yake ƙauna shi yake ɗauka a matsayin harshen zamani. Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan matsayi ba zai yi nauyi a idon yaro ba idan Hausa tana tsayawa a bakin allo. Za a kuma ce taɓa wasan wani kamfani keta haƙƙin mallaka ne. Wannan ma gaskiya ne: a 2016 Nintendo ya dakatar da sabon zubin Metroid II da wani masoyi ya yi shekaru yana ginawa. Ba na kiran kowa ga wannan hanya. Akwai wasannin da masu su suka buɗe ƙofa ga kowa ya fassara, kamar SuperTuxKart da Battle for Wesnoth, kuma abin da ake buƙata kawai shi ne kwamfuta, intanet da sanin harshe.

Don haka ina da shawara biyu ga ƴan uwana ɗalibai. Ta farko, duk mai neman batun kundin kammala karatu ya ɗauki na'urar naɗar magana ya zaga gidajen gem da suka rage a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, ya zauna da tsoffin masu shagon da waɗanda suka yi ƙuruciya a cikinsu, ya tattara kalmomin, ya nuna wacce aro ce, wacce ƙirƙira ce, wacce ta bambanta daga gari zuwa gari. Ta biyu, mu haɗa ƙaramin rukuni ƙarƙashin kulawar wani malami, mu ɗauki wasa ɗaya mai buɗaɗɗiyar ƙofa mu fassara shi, mu yi amfani da kalmomin da aka tattara, mu kai wa yara su gwada. In sun ce “jini” ya fi “ƙarfi” daɗin ji, mu bi su, domin su ne masu harshen wannan fage.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ban yarda haka lamarin yake a nan ba. Ƙannenmu suna da wasanninsu, kuma suna jin daɗinsu. Abin da muke da shi wanda za mu iya ba su shi ne shaidar cewa mun taɓa mayar da wasan Japan namu da bakinmu, ba tare da izinin kowa ba. Abin da ya rage shi ne a rubuta wannan Hausa, sannan a ɗora ta a kan allo, domin wata rana yaro a Jiratawa ya danna manet ya ga an rubuta masa “saura rai ɗaya”.